Wata 21 a kujerar juri: yadda shari'ar layin Jubilee ta cinye aikin waɗanda aka kira su saurare ta

Ranar Talata 22 ga Maris 2005, a kotun Old Bailey da ke tsakiyar birnin Landan, mai shari'a Ann Goddard ta sallami mutum goma da suka shafe wata 21 suna zaman sauraron shari'a guda ɗaya, ta zargin cin hanci a aikin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee. Ba su yanke hukunci ba. Ko ɗakin shawara ba a kai ga tura su ba. Lauyan gwamnati da kansa ya miƙe ya ce shari'ar ba za ta iya ci gaba ba, kuma ba za a sake ta daga farko ba. Aka wanke mutum shida da ake tuhuma, kowa ya kama gabansa. Washegari jaridun Birtaniya suka cika da lissafi, ana cewa fam miliyan 60 na dukiyar jama'a sun bi ruwa. Mutum goman nan kuwa, da biyun da aka sallama tun kafin ranar, babu wanda ya sa asararsu cikin wannan lissafi, alhali su kaɗai ne a zauren da ba sana'arsu ce ta kawo su ba, ba kuma tuhumarsu ake yi ba.

Su ne Turawa ke kira juri, wato mutanen gari da ake kirawo su taya alƙali yanke hukunci. Kotunan Najeriya ba sa aiki da wannan tsari a yau, don haka bari a ɗan fayyace shi. A Ingila da Wales kwamfuta ce ke zaɓo sunaye daga rajistar masu jefa ƙuri'a, kamar an yi ƙuri'a. Duk wanda ya kai shekara 18 bai wuce 75 ba, kuma ya zauna a ƙasar aƙalla shekara biyar tun bayan cikarsa 13, yana iya wayar gari ya tarar da takardar sammaci a ƙofar gidansa. An ba shi kwana bakwai ya amsa. In ya yi kunnen uwar shegu, ko ya ƙi zuwa ba da uzuri ba, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Yana da damar neman a ɗage masa sau ɗaya zuwa wani lokaci cikin wata 12 masu zuwa. Galibi hidimar kwana goma ce ta ranakun aiki. Mutum 12 ke zama, alƙali ya bayyana musu abin da doka ta ce, su kuma su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Abin da suka ji a kotu ba su da izinin tattauna shi da kowa, ko da matar mutum ce ko mijinta. In rashin lafiya ko wani dalili ya rage su ƙasa da tara, shari'ar ta rushe.

Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu da ke zaune can kai tsaye. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke da izinin zama a Birtaniya yana da damar shiga rajistar zaɓe a matsayinsa na ɗan Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma da zarar ya shiga, in ya cika shekara biyar ɗin nan, sammacin zai iya zuwa masa kamar kowa.

Turawan Ingila suna alfahari da juri, kuma suna da dalili. A cikin ginin Old Bailey akwai wani allo a jikin bango da ke tunawa da mutum 12 da suka saurari shari'ar William Penn da William Mead a 1670, waɗanda aka kama saboda wa'azi a kan titi. Jurin ya ƙi ya ce suna da laifi. Aka kulle su dare biyu ba abinci, aka ci su tara, ɗaya daga cikinsu mai suna Edward Bushel ya ƙi biya aka ɗaure shi, har babbar kotu ta yanke cewa ba a hukunta juri saboda hukuncin da ya yanke bisa lamirinsa. Amma har zuwa farkon shekarun 1970, sai mai gida ko mai riƙe da muhalli na wani ƙima ake kira. Galibi maza ne masu rufin asiri, waɗanda rasa ribar mako biyu ba zai hana a ɗora tukunya a gidansu ba. Dokar 1972 ta cire wannan sharaɗi, wajibin ya hau kan kowa, har da direban bas da mai shara da mai sayar da kaya a kanti. A ganina tunanin da, na cewa wannan hidima ce da mutum zai iya ɗauke wa kansa daga aljihunsa, bai bar tsarin ba har yau. Shari'ar Jubilee ita ta fito da shi fili.

Asalin shari'ar

Jubilee sunan ɗaya daga cikin layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa ne na Landan. A shekarun 1990 aka yi aikin tsawaita shi daga Green Park, ya bi ta Westminster da Waterloo da London Bridge da Canary Wharf har Stratford a gabashin birnin. An buɗe shi kashi-kashi a 1999, bayan ya lashe kimanin fam biliyan uku da rabi. Inda irin wannan kuɗi ke yawo ba a rasa zargi. 'Yan sandan sufuri na Birtaniya suka yi bincike, masu gabatar da ƙara suka ce wasu masu kamfanin ƙiyasin kuɗin gini sun riƙa ba wa wasu da ke aiki da hukumar jirgin toshiyar baki, suna karɓar bayanan kuɗi na sirri, suna amfani da su wajen taimaka wa 'yan kwangila a neman aiki da kuma neman ƙarin biya. Mutum ɗaya ya amsa laifi. Sauran shida suka musanta, kuma a ƙarshe doka ta wanke su.

An rantsar da juri a watan Yuni 2003. Tun farko an san shari'ar mai tsawo ce, an kuma gaya musu za ta ɗauki watanni, amma babu wanda ya ce musu za su ga ƙarshen 2003, su ga 2004 gaba ɗayanta, su shiga 2005 ba a gama ba.

Abubuwa da dama ne suka ja ta. Babba a cikinsu shi ne wata tuhuma ta haɗa baki don damfarar hukumar jirgin, wadda aka ɗora a kan tuhumar cin hanci. Tuhumar cin hanci mai sauƙin fahimta ce: an ba da kuɗi ko ba a bayar ba, kuma don me. Ita kuwa ta damfara sai da ta sa aka riƙa bin takardun kwangila ɗaya bayan ɗaya, ana gardama a kan ko kowane bayani da ya fita ya cutar da hukumar ko bai cutar ba. Gabatar da hujjojin gwamnati kaɗai ya ci fiye da shekara. Da aka zo kan kare kai, ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma ya kamu da rashin lafiya yana tsakiyar ba da shaida, aka yi ta ɗage zama. Ga muhawarar lauyoyi da ake yi bayan an fitar da juri daga zaure, ga hutu, ga rashin lafiyar wannan da ta wancan. A watannin ƙarshe, ranakun da jurin ya ji shaida 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da ranakun da ya kamata a ce an zauna.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wanda bai taɓa zama ma'aikacin wani ba zai iya ɗauka cewa ranar da kotu ba ta zauna ba hutu ce. Ga ɗan juri ita ce ranar da ta fi wuya. Ba a sallame shi ba balle ya koma bakin aikinsa da zuciya ɗaya, ba a kuma riƙe shi a kotu ba balle ya nuna wa mai gidansa hujja. Ka ɗauki kanka a matsayin manajan ƙaramin ofis da ma'aikacinka ya tafi tun bara. Ka ɗauki wani na wucin gadi ya riƙe kujerarsa, ka raba sauran aikin ga abokansa. Sai ga shi ranar Laraba ya shigo ya ce yau da gobe babu zama, amma wataƙila jibi a neme shi. Me za ka ba shi ya yi? In ka ce ya koma gida, abokan aikinsa suna kallo, suna cewa wane yana cin albashi ko alawus yana kwance. In ka ba shi aiki, zai bar shi a tsakiya. Shi kuma ma'aikacin yana ganin wannan kallo, ba shi da bakin bayani, domin doka ta hana shi faɗin abin da ke gudana a kotu. Haka za a yi mako, a yi wata, a yi shekara. Amana tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa ba rana ɗaya take karyewa ba, a hankali take zaizayewa kamar gindin katanga da damina.

Cikin wannan hali aka sallami mutum biyu daga jurin saboda dalilan da suka shafi rayuwarsu, saura goma. Tazarar da ta rage kafin shari'a ta rushe mutum ɗaya ce tak. A watan Maris 2005 tura ta kai bango: ɗaya daga cikin goman ya sanar da kotu cewa ba zai ci gaba da zuwa ba saboda asarar kuɗi da ta shafi aikinsa. Jaridu suka ce ya shiga yajin aiki. Akwai wasu kuma da suka nuna sun gaji. Masu gabatar da ƙara suka duba, suka ga shaidar da aka bayar tun shekara ɗaya da rabi baya ta yi nisa, ga zama a tsittsinke, ga ba ranar gamawa, suka ce adalci ba zai yiwu ba a haka.

An bar jaki ana dukan taiki

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni takaici. Tun 1986 wani kwamiti ƙarƙashin Lord Roskill ya ba da shawarar a daina amfani da juri a manyan shari'un zamba, bisa hujjar cewa mutanen gari ba za su iya bin lissafi mai sarƙaƙiya ba. Gwamnatin Tony Blair ta sa wannan cikin dokar shari'ar laifuka ta 2003, a sashe na 43, sai dai sashen ba zai fara aiki ba sai majalisun dokokin Birtaniya biyu sun sake amincewa. Da shari'ar Jubilee ta rushe, masu wannan ra'ayi suka samu abin nunawa. Antoni-Janar na lokacin, Lord Goldsmith, yana cikin masu son a aiwatar da sashen. Maganar da ta yaɗu ita ce juri ya kasa.

Shi Goldsmith ɗin ne kuma ya umarci babban sufeton hukumar gabatar da ƙara, Stephen Wooler, ya binciki abin da ya faru. Rahoton ya fito a watan Yuni 2006, kuma bai ɗora laifin a kan juri ba. Ya nuna cewa kurakurai ne suka taru: shigar da tuhumar damfara da ta faɗaɗa shari'ar fiye da kima, raunin kulawa daga hukumar gabatar da ƙara, tafiyar hawainiya a zaman kotu, da rashin ɗaukar mataki mai ƙarfi kan rashin lafiyar wanda ake tuhuma.

A cikin binciken an yi wani abu da ba a saba yi ba a Ingila. Doka ta hana a tambayi juri abin da suka tattauna a ɗakin shawara, shi ya sa ba kasafai ake jin muryarsu ba. Waɗannan kuwa ba su kai ga shawara ba, don haka aka samu damar zama da su. Farfesa Sally Lloyd-Bostock, masaniyar shari'a da halayyar ɗan Adam, ta tattauna da kusan dukansu bayan kimanin wata biyar da rushewar shari'ar. Ta tarar suna tuna shaidu dalla-dalla, suna iya bayyana yadda tuhumar take da inda hujja ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni. Sun ɗauki aikin da muhimmanci, sun yi rubuce-rubuce, sun ji zafin yadda aka sallame su farat ɗaya ba tare da an bar su sun kammala abin da suka ba kusan shekara biyu na rayuwarsu ba, sun kuma ji zafin yadda aka riƙa nuna su a matsayin waɗanda ba su fahimci komai ba.

Da aka tambaye su halin da suke ciki a wurin aiki, sai ga ainihin ciwon. A lokacin tattaunawar, ɗaya an sallame shi daga aiki da sunan rage ma'aikata. Ɗaya yana cikin rikici da wurin aikinsa. Akwai wanda ƙarin girman da aka tabbatar masa ya wuce shi, kuma sai da aka ce ya sake horo mai tsawo kafin ya koma kan aikin da ya iya. Akwai wanda likita ya ba shi hutu saboda damuwar da halin wurin aikin ta jefa shi. Mutum huɗu ke nan daga cikin ɗan ƙaramin rukuni, kuma babu ɗayansu da ya nemi wannan kujera.

Irin wannan asara ba ta shiga takardar neman alawus. Fom ɗin kotu yana tambayar nawa ka rasa a rana. Ba ya tambayar matsayin da aka ba ƙaninka a aiki saboda ba ka nan, ko sabuwar manhajar kwamfuta da kowa ya koya ban da kai, ko abokan cinikin da suka gaji da jira suka koma wurin wani. Idan wurin aiki ya dakatar da albashi, sau da yawa abin da ake zuba wa mutum a asusun fansho ma yana tsayawa, kuma wannan rami ne da ba za a ga zurfinsa ba sai bayan shekara ashirin ko talatin. Wani abin lura: dokar da ta fito ƙarara ta ce korar ma'aikaci saboda hidimar juri kora ce ba bisa ƙa'ida ba, sai ranar 6 ga Afrilu 2005 ta fara aiki, mako biyu bayan an sallami jurin Jubilee. Kafin nan abin da ke tsorata mai ɗaukar ma'aikata shi ne a tuhume shi da raina kotu. Ko yanzu da dokar take, wanda ya san wurin aiki ya san akwai hanyoyi da yawa na ture mutum gefe ba tare da an rubuta masa takardar kora ba.

Lissafin kwana goma

Za a iya cewa Jubilee shari'a ce da ba a cika samun irinta ba, kuma gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ba ce. Jurin binciken mutuwar magoya bayan Liverpool a filin wasa na Hillsborough ya zauna daga ƙarshen Maris 2014 zuwa 26 ga Afrilu 2016. A Glasgow wata shari'ar zambar gidaje ta ɗauki kimanin wata 20 kafin ta ƙare a 2017. Sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne hidimar yau da kullum, ta kwana goma, wadda dubban mutane ke yi kowane wata, domin ƙa'idar da ta cutar da jurin Jubilee ita ce dai ke aiki a kansu.

Ƙa'idar ita ce: dole mai ɗaukar ma'aikata ya saki ma'aikacinsa ya je kotu, amma ba dole ba ne ya biya shi albashi. Kotu ma ba ta biyan lada, sai dai ta mayar wa mutum wani abu daga asarar da ya yi, kuma da iyaka. A kwana goman farko iyakar ita ce fam 64.95 a rana in mutum ya wuce awa huɗu a kotu, fam 32.47 in bai wuce ba. Daga kwana na 11 tana hawa zuwa fam 129.91. Kuɗin abinci fam 5.71 ne a rana, ga kuɗin mota. Tun 2010 ba a taɓa waɗannan alƙaluma ba.

A ƙarshen 2010 mafi ƙarancin albashi a Birtaniya fam 5.93 ne a awa, wato fam 47.44 a aikin awa takwas. A lokacin alawus ɗin ya rufe asarar ƙaramin ma'aikaci har da rara. A watan Afrilu 2025 mafi ƙarancin albashin ya zama fam 12.21 a awa, wato fam 97.68 a yini. Ko an cire haraji, abin da ke shiga aljihu ya haura fam 80. Ma'ana, wanda ke kan matakin albashi mafi ƙasa da doka ta yarda da shi, in ya amsa kiran kotu kuma wurin aikinsa bai biya shi ba, asara zai yi kowace rana.

A ɗauki misalin mace mai aikin kula da tsofaffi a Manchester ko Birmingham, irin aikin da 'yan Afirka da yawa ke yi, wadda ake biyanta gwargwadon awannin da ta yi. Tana da yaro ɗan shekara uku. A da aikin dare take yi, da rana tana tare da shi. Yanzu kotu na son ta da safe har yamma, sai ta nemi mai reno. Kuɗin mai renon da asarar albashinta duk a cikin fam 64.95 ɗin nan ɗaya za su shiga, ba a ware wa kowanne nasa ba. Kuma ba a hannu ake ba ta ba, sai ta cike fom, wurin aikinta ya sa hannu, ta miƙa, ta jira. Mai gidan haya ba ya jira. Ga wanda rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce, ratar mako biyu ko uku tsakanin kashewa da mayarwa ita ce bambanci tsakanin biyan haya da cin bashi. Direban tasi mai zaman kansa, ko mai gyaran famfo, ko mai aski, nasa ya fi haka: kuɗin hayar shago da inshorar mota suna tafiya ko yana aiki ko ba ya yi. Ma'aikacin gwamnati ko na babban banki kuwa, galibi albashinsa na ci gaba da shiga cif. A benci ɗaya suke zaune, rantsuwa ɗaya suka yi, amma ɗaya kyauta yake yin hidimar ɗaya kuma biya yake yi.

Kada a ɗauka mutane gudun hidimar suke yi. Binciken da Farfesa Cheryl Thomas ta yi wa ma'aikatar shari'a a 2007 ya nuna cewa juri a Ingila da Wales yana kama da al'ummar da aka ɗebo shi daga cikinta fiye da yadda ake zato, kuma mafi yawan masu zama masu aikin yi ne. Wato mutane suna zuwa, suna shanye asarar a cikinsu. A doguwar shari'a ce tacewa ke faruwa. Kafin a rantsar da juri, alƙali kan tambayi waɗanda aka tara ko akwai wanda ba zai iya ba, sai masu sana'ar kansu da masu ƙananan yara da waɗanda wurin aikinsu ba zai biya ba su ɗaga hannu a sallame su. Waɗanda suka rage su ne masu iya jurewa, ko waɗanda suka ɗauka za su iya, kamar jurin Jubilee a watan Yuni 2003.

Matsalar ba ta Ingila ce kaɗai ba. A Amurka kotunan tarayya dala 50 suke biya a rana, jihar Kalifoniya kuwa dala 15, ita ma daga rana ta biyu. A 2022 birnin San Francisco ya gwada biyan masu ƙaramin ƙarfi dala 100 a rana, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana sun ce da ba don kuɗin ba da ba su iya zama ba. A Gana, inda mutum bakwai ke zaman juri a manyan laifuka irin su kisan kai, 'yan juri sun ajiye aiki a 2023 da 2024 saboda alawus na watanni da ba a biya su ba, shari'u suka tsaya, waɗanda ke tsare suka ci gaba da zaman jira a kurkuku.

Abin da aka gyara da abin da aka bari

A ranar da shari'ar Jubilee ta rushe, babban jojin Ingila, Lord Woolf, ya fitar da ƙa'idojin tafiyar da manyan shari'un zamba. Manufarsu ita ce a riƙa tsara shari'a ta ƙare cikin kimanin wata uku, kada ta wuce shida sai da dalili na musamman, alƙali ya matsa wa lauyoyi su rage tuhume-tuhume, su ware abin da ake gardama a kai daga abin da kowa ya yarda da shi. Wannan gyara ne na gaskiya, domin ya taɓa inda ciwon yake. Duk wanda ke aiki a zauren kotu ana biyansa kan lokacinsa, ban da ɗan juri, shi ya sa lokacin ɗan juri ne aka fi saurin ɓarnatarwa. Lauyan da ya nemi a ɗage zama mako guda ba ya ganin komai ya fita daga aljihunsa. Da a ce kowace ranar da aka ɓata tana da farashi na sosai da hukuma za ta biya mutum 12, da an riƙa tunani sau biyu kafin a ɗora tuhumar da za ta ƙara shekara.

Yunƙurin cire juri bai yi nasara ba a wancan karo. Gwamnati ta kawo ƙudurin doka na musamman, majalisar dattawan Birtaniya ta yi watsi da shi a watan Maris 2007, sashe na 43 kuma aka soke shi a 2012 ba tare da ya taɓa aiki ba. Na yarda da wannan sakamako. Mutanen da suka zauna wata 21 suna bin takardun kwangila, har bayan wata biyar suna iya bayyana su, sun riga sun amsa tambayar ko talaka zai iya. Abin da ya gagare su shi ne riƙe aikinsu da biyan buƙatun gida a lokaci guda, kuma maganin wannan a hannun baitulmali yake: a ɗaure alawus da mafi ƙarancin albashi yadda zai riƙa hawa tare da shi, a ware kuɗin reno daban, a biya mutum mako-mako yana cikin hidimar, a cike masa gurbin fansho in shari'a ta yi tsawo, a kuma sa wani jami'in kotu ya riƙa magana da wurin aikinsa kai tsaye maimakon a bar shi yana kame-kame a gaban manaja.

Maganar ta sake dawowa. Shari'un da ke jiran a saurare su a manyan kotunan laifuka na Ingila da Wales sun haura 75,000, kuma a watan Yuli 2025 Sir Brian Leveson, tsohon babban alƙali da gwamnati ta ɗora wa nazarin matsalar, ya ba da shawarar a rage shari'un da juri ke zama a kansu, har da manyan shari'un zamba masu sarƙaƙiya, irin hanyar da Roskill ya nuna tun 1986. A shekarar da ya miƙa rahotonsa, wanda aka kira kotun Old Bailey ya bar aikinsa na yini guda, iyakar abin da zai iya nema a kwana goman farko, ban da kuɗin mota, fam 64.95 ne, da fam 5.71 na abincin rana.